Kafin a cike dausayi, a nuna mana inda za a maido shi

Duk lokacin da wani babban aiki zai ci dausayi, ko hanya ce ko tashar jiragen ruwa ko rukunin gidaje, akwai maganar da ba ta ɓacewa a takardun neman izini: za mu rama abin da muka ɓata. Hekta goma za mu cike, za mu gyara ashirin a wani wuri. A kan takarda har riba aka ci. Jami'i ya sa hannu, katafila ta shiga, sai daga baya wani ya tuna cewa wannan "wani wurin" ba a ma san inda yake ba tukuna.

A ganina tun daga nan aka karkace. Neman filin da za a farfaɗo da dausayi a kansa shi ya kamata ya riga izini, domin shi zai nuna ko alkawarin diyyar mai cikuwa ne ko daɗin baki ne kawai. Idan kuwa aka duba ko'ina aka rasa filin da ya dace, sai a ce wa mai aikin ya sauya wa aikinsa wuri ko fasali. Na san maganar ba za ta yi wa masu zuba jari daɗi ba, da ma wasu jami'an muhalli da suka saba da lissafin hekta. To amma an haura shekara arba'in ana gwada wannan musanya a ƙasashe daban-daban, kuma abin da ya biyo baya a rubuce yake.

Amurka ce ta fi daɗewa a harkar. Sashe na 404 na dokarta ta tsaftar ruwa, wadda aka kafa a 1972, ya hana cike dausayin da ke ƙarƙashin dokar sai da izinin rundunar injiniyoyin soja. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin George Bush babba, gwamnati ta ɗauki manufar cewa jimillar dausayin ƙasar ba za ta ƙara raguwa ba, abin da aka ɓata a nan a rama shi a can. Suna da dalilin firgita. Ƙididdigar hukumarsu ta kula da kifi da namun daji ta nuna cewa daga eka miliyan 221 da jihohi 48 ke da su a wajajen 1780, saura kimanin miliyan 104 a shekarun 1980, Kalifoniya kuwa ta rasa kashi 91 cikin ɗari na nata. A 2001 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta duba inda aka kwana, ta ce ba a cimma burin ba in dai ana maganar aikin da dausayi ke yi. Wasu wuraren diyyar ba a ma taɓa fara su ba. Wasu an yi su, amma abin da ya fito tafki ne mai zurfi da kachalla ta zagaye bakinsa, alhali abin da aka cike kurmin fadama ne, ko fili mai ciyawa da ruwa ke kwanciya 'yan watanni ya janye. Da rahoton gwamnati na 2006 ya yi shelar cewa dausayi ya fara ƙaruwa da kimanin eka 32,000 a shekara, waɗanda suka karanta shi a tsanake sun ga cewa tafkunan haƙawa ne suka kawo ƙarin, har da na filayen wasan golf da na tara ruwan sama a bayan gine-gine.

Dalilin yawan tafki ba ɓoyayye ba ne. Ana iya haƙa shi a kowane fili, yana riƙe da ruwa ranar da mai duba aiki zai zo, yana kuma yin kyau a hoto. Wanda ya fara sayen fili mai araha, sannan ya zauna tunanin wane irin dausayi zai yi a kai, da wuya bai ƙare da tafki ba.

Ko inda aka yi aiki da gaske ma, fili na iya ba da kunya. A gaɓar tekun San Diego da ke Kalifoniya akwai fadamar ruwan gishiri da ake kira Sweetwater. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙera sabon yanki a wurin domin biyan diyyar aikin babbar hanya da magudanar ambaliya. Sharaɗin a fili yake, sabon wurin ya zama mazaunin wata kazar ruwa da ke dab da ƙarewa. Ita wannan tsuntsuwa tana saƙa sheƙarta ne a tsakiyar wata doguwar ciyawar gishiri, ta yadda idan teku ta cika sheƙar za ta taso da ruwan tana maƙale a jikin karan ciyawar, idan ta janye ta sauko. Tana kuma lanƙwaso ganyen sama ta yi rumfa, kada shaho ya hango ƙwai. Ke nan sai da ciyawar da ta wuce santimita 60, wadda ruwa ba zai shanye kanta ba. Aka daidaita ƙasa, aka haƙa ƙoramu, aka dasa ciyawar, ta kuwa kama. Daga nesa wuri ya yi kore shar. Amma masaniyar muhalli Joy Zedler da ɗalibanta, waɗanda suka shafe kimanin shekara goma suna aune-aune a wurin, sun tarar ciyawar ta ƙi tsawo. Ƙasar da aka yi aikin a kanta yashi ne ya fi yawa a cikinta, ba ta riƙe naitirojin, sinadarin da tsiro ke bukata don girma, kamar lallausar lakar tsohuwar fadamar. Aka zuba taki, ciyawar ta ɗan miƙe. Aka daina, ta koma gidan jiya, takin kuma ya ba wani tsiron daban damar mamaye wurin. Kazar ruwan ba ta yi sheƙa a can ba. Kuɗi an kashe, masana an kawo, amma abin da ya kashe aikin yana ƙarƙashin ƙafarsu tun ranar farko.

To wane fili ne ya dace? Dausayi na samuwa ne inda siffar ƙasa da irin ƙasar da hanyar ruwa suka haɗu suka sa ruwa ya daɗe kusa da sama. Don haka wurin da ya fi alamar nasara shi ne inda dausayi ya taɓa zama aka tsane shi, kuma irin wannan wuri ba ya ɓuya ga wanda ya san abin da yake nema. A murɗa ƙarfen haƙa a ciro ƙasa kamar rabin mita. Idan ta fito toka-toka, ko da ɗan shuɗi, ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikinta musamman inda saiwa ta bi, to ta ba da shaidar cewa ta yi shekaru aru-aru a jiƙe, iska ta ƙare a cikinta har ƙarfen da ke jikinta ya narke ya taru wuri-wuri. Wannan launi ba ya gogewa don an yi shekara hamsin ana noma a kai. Tsofaffin taswirori na nuna inda aka taɓa rubuta fadama. Hoton sama da aka ɗauka kwana biyu bayan ruwa mai yawa yana tona layukan bututun tsane ruwa da aka binne, domin ƙasar da ke saman bututu ta fi saurin bushewa, sai ta fito da haske tsakanin jiƙaƙƙiyar. Na'urar laza da ake aunawa da ita daga jirgin sama tana fito da ɗan kwarin da ido ba ya gani. Ga kuma manomin da ke wurin, wanda ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan: ya san kusurwar da tarakta ke kafewa duk shekarar da ruwa ya yi yawa, ya san inda shuka ke yin rawaya ta tsumbure. Abin mamaki, sau da yawa shi ne na ƙarshen tambaya.

A irin wannan fili aikin kan zama ɗan kaɗan. A fasa bututun, a toshe lambatu, a jira. An sha ganin haka a yankin noman masara na tsakiyar Amurka, ruwa ya dawo a shekarar farko, wasu irin tsirran da suka daɗe kwance a ƙasa su farka, agwagi su sauka. Ba famfo, ba injin da zai lalace bayan ɗan kwangila ya tafi. Ni duk tsarin diyyar da na ga ya dogara da injin turo ruwa har abada, nakan ɗauke shi a matsayin lambu, kuma lambu yana mutuwa ranar da mai ban ruwa ya gaji.

Sai dai tarihi kaɗai bai isa hujja ba. Ruwan da ya ciyar da dausayin a da, yana nan? Ƙila an gina madatsa a sama ta tare ambaliyar da ke cika shi. Ƙila rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa. Ƙila gari ya girma a sama, ruwan da ke gangarowa yanzu na kan kwalta ne, ya zo da gudu cikin awa guda ɗauke da yashi da baƙin mai, sannan ya ɗauke ƙaf. Gonar da aka yi shekaru ana zuba mata taki, idan aka jiƙa ta tana iya sakin fosfaras, sinadarin takin da ta tara, wurin da aka yi don tace ruwa ya koma mai gurɓata shi na wasu shekaru. Filin da aka daɗe da karewa daga teku da jinga kuwa yakan lotsa, idan aka fasa jingar haka kawai sai ya zama tafkin gishiri. A tsibirin Wallasea da ke gabashin Ingila sai da aka kwaso fiye da tan miliyan 3 na ƙasar da aka haƙo daga ramin jirgin ƙasa na Crossrail a Landan aka ɗaga wurin kafin a bar teku ta shiga. Sannan ruwa bai san iyakar takardar fili ba, wanda ya toshe lambatunsa yana iya jiƙa gonar maƙwabci. Duk waɗannan ba a gane su da ziyarar yini guda. Sai an kafa ƙananan rijiyoyin awo an bi su a shekarar ruwa da shekarar fari, kuma wannan lokaci ne mai gaggawar izini ba shi da shi.

Haka labarin yake ga itatuwan mangurof na bakin teku. A Filifin an dasa miliyoyi, amma nazarin Primavera da Esteban na 2008 ya ƙiyasta waɗanda suka rayu da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. An yi ta dasa su a kan buɗaɗɗiyar laka da cikin ciyawar teku, inda ba su taɓa tsirowa ba, saboda can ne ba mai gardamar fili. Ainihin mazauninsu ya zama tafkunan kiwon kifi, kuma waɗannan suna da masu su. A Siri Lanka, cikin wurare 23 da aka duba bayan dashen da ya biyo tsunamin 2004, tara ba a sami ko itace ɗaya a raye ba, uku kacal suka wuce rabi.

Ko an dace da fili, kada a ɗauka an fanshe komai. A 2012 David Moreno-Mateos da abokan aikinsa sun tattara bayanan wurare 621 da aka farfaɗo ko aka ƙera a sassan duniya. Suka tarar cewa a matsakaici tsirrai da halittun wuraren sun gaza na dausayin asali da kashi 26 cikin ɗari, aikin ƙasa kamar tara kabon ya gaza da kashi 23, har a wuraren da suka daɗe ƙwarai. Sun kuma lura cewa manyan wurare, waɗanda suka wuce hekta 100, da waɗanda ke haɗe da kogi ko teku, sun fi saurin murmurewa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne babbar hujjar masu bankin dausayi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Tsarin shi ne wani kamfani ya sayi babban fili ya farfaɗo da shi, hukuma ta auna ta ba shi maki, shi kuma ya riƙa sayar da makin ga masu gini da ke bin bashin diyya. Ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2008 ta fifita wannan hanya a kan barin kowane mai gini ya yi nasa. Na fahimci dalili. Ɗan guntun dausayi da aka matse tsakanin wurin ajiye motoci da katangar kanti, ba mai kula da shi, shara da baƙin tsirrai ne ƙarshensa. Fili guda babba a hannun wanda sana'arsa ke nan ya fi gutsattsari hamsin.

Amma mai banki ɗan kasuwa ne, inda ƙasa ke da araha zai nufa, ƙasa mai araha kuwa tana nesa da inda ake gini. Masana shari'a J. B. Ruhl da James Salzman sun bi sawun wannan ciniki a jihar Fulorida ta Amurka a 2006, suka ga abin da hankali ma zai ba mutum: ana cike dausayi a inda jama'a suka yi cunkoso, ana biyan diyyarsa a karkarar da ba kowa. Jimillar hekta a jihar na iya zama daidai. Amma unguwar da dausayin bayanta ke shanye mata ruwan sama ta rasa shi ke nan, kuma makin da aka saya a wani kwari mai nisa ba zai hana ruwa shiga ɗakunansu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda na tsaya a wannan gardama shi ne a daina ɗaukar dausayi a matsayin abu guda da za a ɗauke cak a kai wani wuri. Ayyuka da yawa yake yi, kuma ba dukansu ke jure tafiya ba. Mazaunin agwagwa mai ƙaura zai iya matsawa kilomita talatin ba ta damu ba, ƙila ma ta fi son can. Riƙe ruwan ambaliya kuwa ba ya matsawa ko kaɗan: dole a rama shi a magangarar ruwa ɗaya, kuma a saman mutanen da suka rasa shi. Idan hakan na nufin mai gini zai biya sau biyu, maki a babban banki saboda halittu da kuma fili mai tsada kusa da gari saboda ambaliya, to ya biya. Tsadar nan dama tana nan, wasu ne kawai ke ɗaukar ta ba da saninsu ba. Tace ruwa ma haka yake, yana da inda yake amfani. Wani nazari da ya fito a mujallar Nature a 2020 ya nuna cewa a Amurka yawancin dausayin da ya rage yana nesa da gonakin da suka fi zubar da naitirojin, kuma da za a ƙara kashi 10 cikin ɗari a daidai waɗannan wurare, da an ninka yawan naitirojin da dausayin ƙasar ke cirewa. Matsalar ita ce can ne gona ta fi tsada.

Akwai kuma batun iri. A 1999 aka rufe bakin gaɓar Cardiff da ke Wales da madatsa, filin laka da teku ke rufewa tana buɗewa sau biyu a yini ya koma tafkin ruwan daɗi na kimanin hekta 200, don a ƙawata gari. Diyyar ita ce dausayin Newport da aka buɗe a 2000, fiye da hekta 400, kuma wuri ne mai kyau da tsuntsaye da yawa suka amfana da shi. Sai dai galibinsa gadon kyauro ne da tafkuna da jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsuntsayen Cardiff kuwa masu kiwon laka ne. Masu bincike sun sa wa wani nau'i mai jajayen ƙafafu daga cikinsu zobba suka bi shi. Yawancinsu bakin kogin Rhymney da ke kusa suka koma, suka cusa kansu cikin waɗanda suka riga su, suka rame, yawan masu kai wa shekara ta gaba ya sauko daga kimanin kashi 85 zuwa 78 cikin ɗari. An ba da ninki biyu na hekta, amma waɗanda aka kora ba su ga ko taƙi ba.

Abin da masu zana taswira suka fi saurin mantawa shi ne kowane fili da ya dace yana da mai shi. Tsohon dausayin da aka tsane yawanci shi ne gona mafi albarka a yankin, kuma kakannin wani ne suka sha wahalar tsane shi. A 2005 Holan da yankin Flanders na Beljiyam suka ƙulla yarjejeniya kan kogin Scheldt, wadda ta haɗa zurfafa hanyar jiragen ruwa zuwa tashar Antwerp ta Beljiyam da maido da muhallin bakin kogin. Wurin da aka zaɓa a ba wa teku shi ne gonakin Hedwige, kimanin hekta 300 a lardin Zeeland na Holan. Ta fuskar ruwa da ƙasa zaɓin ya yi daidai, don wurin na manne da wata babbar fadamar gishiri da ke nan tun da. Amma Zeeland ce ta fi kowa jin ambaliyar 1953 da ta kashe fiye da mutum 1,800 a Holan, kuma a ce wa mutanenta su fasa jinga da hannunsu saboda tashar wata ƙasa ta samu manyan jirage, ba ƙaramar magana ba ce. Gwamnatoci suka yi ta ja da baya suna neman wani wurin, aka je kotu, ruwa bai shiga ba sai a 2022. Shekara 17 ke nan, a ƙasar da kowane taƙi ke da takarda kuma ake biyan diyya yadda ya kamata. Ina ga ƙasashen da masu amfani da fili ba su da takarda? A can filin da hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ba kowa, ƙila makiyayar rani ce, ko wurin su, ko inda mata ke yankan ciyawar saƙa. A kewaye shi da waya a kira shi diyya, an yi wa mutane biyu asara ke nan a madadin ɗaya. Don haka tambayar wa ke amfani da filin tana cikin sharuɗɗan dacewarsa, daidai da tambayar launin ƙasarsa.

Duk wannan ne ya sa nake ganin neman fili bai kamata ya zama aikin mai neman izini ba. Ƙwararren da kamfani ya ɗauko, kamfanin ke biyansa, agogon kamfanin yake kallo, kuma filin da kamfanin zai iya saya a wannan watan shi zai gano ya dace. Ba sai ya yi ƙarya ba, tambayar da aka ba shi ce gurguwa. Aikin hukuma ne ta ɗauki kowace magangarar kogi tun ba a nemi izinin komai ba, ta fitar da inda dausayi ya taɓa zama, inda ruwansa ke nan har yanzu, unguwannin da ambaliya ke ci, da inda masu fili ke da niyyar sayarwa ko shiga yarjejeniya, ta kuma baje taswirar kowa ya gani ya yi gardama. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta kama wannan hanya tun 2003, inda ta kafa shirin da ke tanadar diyyar ayyukan hanyoyinta tun kafin a fara su, bisa tsarin magangarar ruwa. Ingila, wadda tun Fabrairun 2024 ta wajabta wa manyan gine-gine su bar muhalli da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan yadda suka same shi, ta sa lissafinta yana rage darajar diyyar da aka kai nesa. Ba na cewa sun gama daidai, amma sun gane cewa ba kasuwa kaɗai za a bar wa zaɓen wuri ba.

Taswirar farko kuma ita ke maganin jinkiri. A farkon shekarun 1990 aka cike lakar Lappel Bank a bakin kogin Medway da ke Ingila don faɗaɗa tashar Sheerness. Kotun Turai ta ce a 1996 gwamnatin Birtaniya ta saɓa doka da ta cire wurin daga kariya saboda dalilin tattalin arziki. Diyyar, hekta 115 a Wallasea wadda ta haɗa da ta wani wurin da aka rasa a Felixstowe, ba ta samu ba sai a 2006. Tsuntsun da aka kora a farkon shekarun 1990 ba zai jira 2006 ba. Ihu bayan hari ke nan. Inda hankali yake, sai sabon wurin ya fara aiki, an auna an gani, kafin a taɓa tsohon, ko aƙalla a riƙa sakin makin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya tabbata a ƙasa. Kuma kada a karɓi diyyar da ba ta ƙara komai ba, irin ta wanda zai sayi lafiyayyen dausayin da ba mai niyyar taɓawa ya ce ya adana shi. Goma aka cike, goma aka rasa, ko ya adana ɗari.

Saura mai wuyar. Taswira ta gaskiya wata rana za ta nuna cewa babu fili. Dausayin da ƙasarsa tarin ruɓaɓɓen tsiro ce, wanda ake kira fit, yana ƙaruwa ne da kimanin milimita ɗaya a shekara. Mai zurfin mita uku ya kai shekara 3,000, ba kamfanin da zai ƙera irinsa. Haka fadamar da idon ruwa mai sinadari na musamman ke ciyarwa daga ƙasa. Ingila ta fitar da irin waɗannan daga lissafin makinta gaba ɗaya, ta ce ba su da madadi, ƙa'idar Amurka ta 2008 ma ta amsa cewa suna da wuyar mayewa. A kusa da manyan birane kuwa, ko dausayin ba na musamman ba ne, ƙila duk kwarin da zai iya riƙe ruwa an riga an gine shi.

Za a ce mini mutane na bukatar gidaje da hanyoyi da tashoshi, kuma gaskiya ne. Wasu ayyukan ba su da wani wurin zuwa, tashar jiragen ruwa dole a bakin ruwa take. Idan al'umma ta auna ta ga aikin ya fi mata dausayin, tana da ikon zaɓa. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓa sannan a rubuta cewa ba a rasa komai ba. A rubuta asarar da sunanta, a faɗi unguwar da ruwa zai ƙara ci da abin da za a kashe don kare ta, sannan a yanke hukunci. Na kuma yi imanin cewa da yawan ayyukan da ake cewa ba su da wani wuri za su samu wuri nan da nan idan aka rufe ƙofar diyyar takarda. Galibi ana gini a dausayi ne saboda shimfiɗaɗɗe ne kuma mai araha, arahar kuwa ta samu ne don ba a sa kuɗin ambaliyar gobe a ciki ba. Dokoki da yawa, har da sharuɗɗan ba da rance na reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni, sun jera matakan a sarari: a kauce, in ba hali a rage, sannan a rama abin da ya saura. A aikace ana tsallake biyun farko a guje saboda na ukun ya zo da sauƙi.

Ko bayan an sami filin an yi aikin, da sauran magana a kan wa'adi. A Amurka mafi ƙarancin lokacin sa ido shekara biyar ne, ana ƙarawa ga wuraren da ke da jinkirin girma kamar kurmi. A Ingila ana ɗaure filin na shekara 30. Ginin da aka yi a kan tsohon dausayin kuwa ba shi da ranar tashi. Saboda haka wajen zaɓe sai an duba abin da zai kewaye filin nan gaba, ko tsarin gari ya ware gefensa don masana'antu, ko akwai madatsar da ake shirin yi a samansa. Idan a bakin teku ne, a duba ko akwai sarari a bayansa da fadamar za ta ja baya yayin da teku ke ƙara hawa, don wadda aka matse da bango nutsewa za ta yi. A kuma ajiye kuɗin kula da shi a asusun da ba na kamfanin ba, tare da sunan hukumar da za ta karɓe shi ranar da kamfanin ya rufe.